Layin Dogo Zai Kai Maraɗi, Amma da Wace Takarda Fasinja Zai Sauka?

Ranar 29 ga Janairun 2025 Jamhuriyar Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a hukumance, ita da Mali da Burkina Faso, shekara guda bayan sanarwar da suka bayar. A Karofi da Dutsin-Ma da Kurfi babu wanda ya fasa cin kasuwa saboda wannan labari. Motocin dabbobi sun ci gaba da gangarowa daga arewa, mai shayi ɗan Tawa bai naɗe teburinsa ba, 'yan ga-ruwa ba su jingine kura ba. Wannan shirun ne ya sa mutane da yawa, har da wasu abokan aikina a jami'a, suka ɗauki lamarin rigimar manya ce wadda ba ta taɓa talaka ba. Ni kuwa a ganina ranar nan aka zare azarar da ta riƙe rufin soro. Rufin ne dai bai rufto ba tukuna.

Azarar da nake nufi ita ce yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a da shugabannin ECOWAS suka sa wa hannu a Dakar a watan Mayun 1979, shekara huɗu bayan kafa ƙungiyar a Legas. Ita ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar ikon shiga ƙasar maƙwabta ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, daga baya aka ƙara da ikon zama da na kafa sana'a. Yau wannan yarjejeniya ba ta ɗaure Nijar ba, ba ta kuma ɗaure Najeriya a kan 'yan Nijar ba. Abin da ya maye gurbinta sanarwa ce guda biyu. Ƙasashen Sahel uku sun ce a watan Disambar 2024 ƙofarsu a buɗe take ga 'yan ECOWAS, amma sun riƙe ikon hana wanda ba su so. ECOWAS ita ma ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku, su bar su su shiga su fita, kayansu ma a ci gaba da yi musu sassaucin kuɗin fito, har zuwa lokacin da za a sake bayar da wata sanarwa. Mai karatu ya lura da wannan gaɓa ta ƙarshe. Abin da jiya yake haƙƙi, yau ya koma alfarma. Haƙƙi ana iya tsayawa a gaban jami'i a neme shi, alfarma kuwa mai ita yana janye abarsa ranar da ransa ya ɓaci.

Wanda yake karanta wannan shafi a Abuja zai iya cewa, me ya haɗa mutumin Karofi da wannan magana, tunda ba a Jibiya ko Mai'aduwa yake zaune ba? Amsar tana cikin tukunyarmu. Maraɗi ta fi Kaduna kusa da mu, balle Abuja. Ragon layya da san noma da raƙumin da ake gani a kara, kaso mai yawa daga cikinsu daga can suke fitowa. Haka wake da aya da albasa da kanwa. Daga nan kuma gero da dawa da masara suke haurawa, tare da siminti da robobin Kano da atamfa. Idan damina ta yi gardama a Maraɗi da Damagaram, kafin wata biyu tiyar gero ta tashi a kasuwanninmu. Idan naira ta faɗi a gaban sefa, ɗan kasuwar Nijar yana zuwa da kuɗin da ya fi na jiya ƙarfi, ya ɗaga farashi, manominmu ya yi murna, ma'aikacin da yake sayen tiya-tiya ya koka. Idan ta farfaɗo, dabbobi ne suke kwararowa, domin makiyayi ya ga riba a sayarwa a nan. Manomin rani a gefen madatsar ruwan Zobe ya san daga ina wasu 'yan ƙwadagonsa suke zuwa bayan kaka. Kaya ba su tafiya su kaɗai. Kowane buhu yana da mai shi, yana da direba da yaron mota da dillali da mai masauki. Saboda haka raba maganar ciniki da maganar shige da fice, kamar yadda ake yi a ma'aikatun gwamnati, rabo ne na takarda kawai.

Akwai kuma abin da ya girmi ciniki. Maraɗi Katsinawa ne suka kafa mulkinta, zuriyar sarakunan da suka bar birnin Katsina bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, kuma har gobe Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar can. Hakiminmu na Kurfi ma sarautarsa Maraɗin Katsina. Layin da ya raba mu Ingila da Faransa ne suka yi ta ja suna gyarawa a kan taswira tsakanin 1890 da 1906. Ba na faɗin haka don in ce babu iyaka, kamar yadda wasu suke yi idan zumunci ya motsa. Iyaka tana nan, kusan kilomita 1,500, ƙasa biyu ce, kowace da tutarta da dokarta, kuma kowace tana da ikon sanin wanda ya shigo mata. Maganata ita ce mai riƙe da wuƙa ya san abin da yake yanka.

Tarihi kuwa ya nuna ba kullum yake sani ba. A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 1986, zamanin Janar Babangida. Rufewar ta faɗo daidai da fari mai tsanani, hatsin da ya saba haurawa ya tsaya. Har yau dattawan Nijar El-Buhari suke kiran yunwar shekarun nan. Ba a sa wa yunwa sunan mutum a banza.

Ta 2019 ita ce ta fi ba ni mamaki, kuma ita nake yawan kafa wa ɗalibaina misali da ita. Ranar 7 ga Yulin shekarar, a birnin Yamai, Shugaba Buhari ya sa hannu a kan yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta nahiyar Afirka, wadda ake wa kirari da cewa za ta haɗa kasuwar mutum fiye da biliyan ɗaya. Ranar 20 ga Agusta, kwana 44 bayan haka, ya rufe iyakokin ƙasa, har da ta ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron. A watan Oktoba aka bayyana cewa haramcin ya shafi kowane irin kaya, masu shigowa da masu fita. A Nuwamba hukumar kwastam ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, wato mutumin Jibiya, ɗan ƙasa mai biyan haraji, sai ya yi tattaki kafin ya sami man babur ɗinsa. Da aka zo buɗewa ranar 16 ga Disambar 2020, ƙofa huɗu aka fara da su: Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Jibiya ba ta ciki. Sai a watan Afrilun 2022 aka tuna da ita. Ba ta yi shekara ɗaya da rabi a buɗe ba aka sake garƙame ta, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. Mai karatu ya lissafa da kansa: daga Agustan 2019 zuwa Maris na 2024 wata 55 ne, kuma a kusan 40 daga cikinsu babbar ƙofar jihar Katsina zuwa kasuwar duniya a kulle take. Wane ɗan kasuwa ne zai gina sito ko ya sayi tirela a kan hanyar da ba ya da tabbacin za ta kai baɗi?

Adalci ne in ce gwamnati ba ta rasa hujja ba. Shinkafar Tailan da Indiya tana sauka a tashar Kwatano da yawan da ya wuce cikin mutanen Benin nesa ba kusa ba, kowa kuma ya san inda take kwana. Wani kason yana bi ta Gaya da Maraɗi ya faɗo mana ta daji. Man fetur da ake biya wa tallafi da kuɗin talakan Najeriya yana tsallakawa a jarka. Manomin shinkafa a Kebbi da Jigawa da masu injinan casa a Kano sun ga alheri a shekarun nan, ban musa ba. Amma wa ya biya kuɗin? Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta tashi daga kusan kashi 13 cikin 100 a Agustan 2019 zuwa sama da kashi 19 a Disambar 2020. Annobar korona tana da nata hannun a ciki, amma tashin ya fara tun kafin ta iso. Shinkafar waje kuma ba ta ɓace daga kasuwa ba, tsada kawai ta ƙara, domin kuɗin bin daji da na masu tsaron hanya ya hau kanta. Mai jaki da mai babur da ƙaramar 'yar kasuwa su aka riƙa kamawa, har rayuka suka salwanta a garuruwan bakin iyaka, mai tirela hamsin kuwa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A Yulin 2024 sai ga gwamnatin tarayya da kanta ta ba da sanarwar ɗage kuɗin fito a kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, na tsawon kwana 150.

Fasa-ƙwauri ɗan bambancin farashi ne. Muddin buhu yana da arha a wancan gefen layi, yana da tsada a wannan gefen, sai an sami mai ɗauko shi, ko da bindiga ce a kan hanya. Fetur ya ishe mu shaida. Abin da shingaye suka kasa yi shekara da shekaru, cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 ya rage shi cikin 'yan watanni, saboda ribar jarka ta zube. Ba yabon wannan mataki nake yi ba, na san abin da ya yi wa albashina da na maƙwabtana. Ina dai nuna cewa ciwon a teburin masu tsara haraji da farashi yake, aka je ana ɗaure shi a Magama.

Takunkumin 2023 ba sai na daɗe a kansa ba, jiya-jiya ne. An yanke wa Nijar wutar lantarkin da mafi yawanta daga Najeriya take zuwa, motocin kaya suka yi jerin gwano a bakin iyaka har albasa ta ruɓe a cikinsu, aka yi barazanar yaƙi. Sojojin Yamai ba su sauka ba. Sanatocin Arewa ne da sarakuna da malamai suka yi ta kai da komowa har aka yayyafa wa wutar ruwa. Sakamakon da aka samu shi ne ficewar da na fara da ita.

Wannan duk maganar kaya ce. Ta mutane ta fi ta ɗaci. A Nuwambar 1969 gwamnatin Kofi Busia a Gana ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fice. Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa, wasunsu a zangon Kumasi da Akara aka haife su, suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance suka hau mota. A Janairun 1983, da kuɗin man fetur ya karye, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta yi irin wannan, ita ma mako biyu ta bayar, kimanin mutum miliyan biyu suka fita. Jakar nan mai zane da muke kira Gana-mas-go daga nan ta samo suna, shi ya sa muke tuna 'yan Gana kawai, amma akwai 'yan Nijar da Cadi masu ɗimbin yawa a cikin waɗanda aka kora. Wani zai ce, ai a lokacin yarjejeniyar 1979 tana nan, me ta hana? Gaskiya ne, ba ta hana ba. Sai dai ko a lokacin gwamnati ta ga tilas ta fake da cewa waɗanda suka wuce kwana 90 ba takarda ne take kora, mai takarda yana da abin da zai nuna. Idan an yi haka da yarjejeniya a hannu, ina ga ranar da babu ita, tattalin arziki ya sake matsewa, ɗan siyasa ya sake neman wanda zai ɗora wa laifi?

Kada kuma mu ɗauka kullum mu ne masu masauki. Tun daga 2019, a watannin da muke kulle ƙofa saboda shinkafa, dubun-dubatar mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suke tsallakawa ƙauyukan jihar Maraɗi suna gudun 'yan bindiga. Talakawa ne suka karɓe su, suka raba musu ɗaki da rumbu, kafin hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta iso. Mu da muke zaune a gefen dajin Rugu, muka ga yadda ƙauye yake watsewa a dare ɗaya, mun fi kowa sanin cewa ƙofar da ka kulle wa maƙwabci wata rana ta nan za ka nemi fita. 'Yan kasuwarmu suna Maraɗi da Yamai da Agadas, ɗalibanmu suna karatu a jami'o'in Maraɗi. Su ma yanzu a kan alfarma suke zaune.

Muna yawan zargin Turawa da fuska biyu a wannan fage, kuma zargin yana da tushe. Suna so kayansu da jarinsu su ratsa ko'ina ba shamaki, amma mutum ya tsaya inda aka haife shi. Da matsin Tarayyar Turai da kuɗinta aka tsaurara dokar Nijar ta 2015 wadda ta mai da jigilar baƙi daga Agadas zuwa arewa laifi, direbobin da suka gaji sana'ar ayari suka koma masu laifi, matafiya suka koma bin hanyoyin da ba rijiya. Sojojin Yamai sun soke dokar a Nuwambar 2023. Amurka da ta koya wa duniya wa'azin kasuwa a buɗe, ita ce a Afrilun 2025 ta ɗora wa kayan kusan kowace ƙasa sabon haraji, Najeriya aka yanka mata kashi 14 cikin 100. Duniya ta shiga zamanin da kowa yake jan ƙofarsa. To amma da wane baki za mu yi ƙorafi, mu da muka yi wa maƙwabcin da muke magana da harshe ɗaya abin da ya fi haka, sau uku a cikin shekara 40? Kuma idan manyan kasuwanni suna rufewa, kasuwar da ke bayan katangarka ita ce ta ƙara daraja.

Hujja mafi nauyi da masu son a tsaurara suke kawowa ita ce tsaro, kuma ba na raina ta. Makaman da suka watsu bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 ta hamada suka gangaro, wasunsu kuma a kan mutanenmu suke tashi. Amma a duba lissafin. Shekarun da ƙofar Jibiya ta yi a kulle su ne shekarun da ta'addancin daji ya fi ƙamari a Batsari da Safana da Ɗanmusa da yammacin Dutsin-Ma da Kurfi, har a Satumbar 2021 aka kai ga katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, namu biyu suna ciki. Mai safarar bindiga bai taɓa bin layi a gaban teburin jami'i ba. Abin da rufe ƙofa yake yi shi ne ya kora mai gaskiya zuwa hanyar daji, mai tallan goro da mai zuwa biki da mai kora awaki su cakuɗe da ɓarawo, ɓarawon ya sami rigar sakawa. Idan mutum ɗari suna bi ta ƙofa ana rubuta sunansu cikin minti biyar ba a karɓi ko sisi ba, na ɗari da ɗaya da ya zaɓi daji ya nuna kansa. Ƙasar da take son sanin masu shigo mata, sai ta mai da ƙofa ta fi daji sauƙi da arha.

Akwai waɗanda suka shiga irin halin da muke ciki suka fita. Birtaniya ta bar Tarayyar Turai ranar 31 ga Janairun 2020, maƙwabciyarta Jamhuriyar Ayalan, wadda suke da iyakar ƙasa a tsibiri ɗaya, ta zauna a ciki. Ƙasashe ne masu tsohon tabo a tsakaninsu, da jini a ciki. Duk da haka tun a watan Mayun 2019, kafin ficewar, suka zauna su biyu suka sa hannu cewa mutanensu za su ci gaba da shiga da fita da zama da aiki da neman magani a ƙasar juna kamar da, kowace kuma ta shigar da abin cikin dokokinta na gida. Ba su jira a gama rigimar ƙungiya ba. Sun ware maganar jama'a sun ajiye ta inda fushin 'yan siyasa ba zai kai ba.

Mu ma ba daga tushe za mu fara ba. Akwai hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar tun 1971, mazauninta a Yamai, kuma ita ba 'yar ECOWAS ba ce, ficewar ba ta taɓa ta ba. A Afrilun 2025 ministan harkokin waje, Yusuf Maitama Tuggar, ya je Yamai ya gana da takwaransa, aka yi maganar farfaɗo da ita. Madalla. Amma hoton musabaha ba ya fitar da direba daga hannun jami'i a Ɗan Isa. Abin da ake bukata yarjejeniya ce tsakanin ƙasashen biyu, rubutacciya, wadda majalisar tarayya za ta mai da ita doka. Ta faɗi a fili cewa ɗan Nijar a Najeriya da ɗan Najeriya a Nijar yana shiga da katin shaida, yana zama, yana sana'a, ko wane ne yake mulki a Yamai ko Abuja. Ta ware hatsi da dabbobi da magani ta ce waɗannan ba a tsare su ko ana rigima. Ta ce ba a rufe ƙofa sai da sanarwa da dalili da wa'adi. A kuma sami rasit ɗaya mai arha na ƙaramin ɗan kasuwa, wanda zai raka buhunansa goma daga Maraɗi har Dutsin-Ma ba a sake tsayar da shi a kowace kwana ba. Lokaci kuwa ba ya jira: tun a Maris na 2025 ƙasashen Sahel uku suka sanar da sabon harajin rabin kashi ɗaya cikin 100 a kan kayan da ke shigar musu daga waje. Kaɗan ne, amma haka shinge yake farawa, da kara ɗaya.

Ga shi kuma muna shimfiɗa ƙarfe. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, sama da kilomita 280, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, a kan kuɗi kusan dala biliyan 2, kamfanin Mota-Engil ne yake yi. An gaya mana manufar ita ce kayan Nijar su bar Kwatano da Lome su dawo tashoshin Legas. Manufa ce mai kyau, kuma yanzu da Yamai take takun saƙa da Benin ta fi kowane lokaci yiwuwa. Sai dai bashin da aka ci ba ya sanin an rufe iyaka, wa'adinsa yana cika ko jirgi yana tafiya ko yana tsaye a Jibiya. Ɗan kasuwar Maraɗi da ya ga wata 40 na kulle ba zai ɗauke kayansa daga hanyar da ya sani ba don kawai an gina tasha mai kyau.

Harkar waje ta gwamnatin tarayya ce, na sani, gwamnan jiha ba ya sa hannu a kan yarjejeniya da wata ƙasa. Amma Katsina tana da sanatoci uku da 'yan majalisar wakilai 15, ɗaya daga cikinsu Dutsin-Ma da Kurfi yake wakilta. Tana da masarautu biyu da maganarsu take da nauyi a Maraɗi da Damagaram. Jihohi bakwai ne suke da iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, sanatocinsu 21. Ɗaya daga cikinsu ya isa ya tashi a zauren majalisa ya nemi a gayyato ministan harkokin waje da na cikin gida da na sufuri rana ɗaya, a zaunar da su a teburi ɗaya, a tambaye su a ƙarƙashin wace doka fasinjan jirgin farko zai sauka a Maraɗi, kuma wa yake da ikon tsayar da jirgin na biyu.